BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TAKE DA ALAMUN JAM'IYYUN DA SUKA YI MULKI A KATSINA

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an kawo tarihin jam'iyyun da suka riƙe ragamar mulki a ƙasar Katsina tun daga zamanin En'e har zuwa zaɓen 2023. A wannan babi kuwa za a dubi 'yan kalmomin nan da jam'iyyun suka riƙa kiran jama'a da su, wato take, da kuma hotunan da suka zaɓa suka zama alamunsu. Abin da ake nufi da take a nan shi ne gajeruwar kalma ko jimla wadda mai jawabi kan jefa a wurin taro, jama'a su amsa masa baki ɗaya. Ta wata fuska take ya yi kama da amshi a waƙa, ta wata fuskar kuma ya yi kama da kirari, domin yakan dunƙule abin da mai shi yake so a san shi da shi.

Manazarta da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan adabin siyasa na Hausa. Fitacce daga cikinsu shi ne Birniwa (1987), wanda a kundinsa na digiri na uku ya kwatanta waƙoƙin NPC da NPN a ɓangare guda, da na NEPU da PRP a ɗaya ɓangaren, daga wajejen 1946 zuwa 1983. Wannan rabo na gida biyu, wato masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi, ya zama tamkar ma'auni ga ɗalibai, har ta kai wasu na ɗora shi a kan jam'iyyun da aka kafa bayan 1983 ba tare da sun tsaya sun duba ko ya dace da su ba. Ba da niyyar raina aikin magabata ba, mai wannan nazari na ganin cewa ma'aunin ya yi wa siyasar Katsina kaɗan tun a jamhuriya ta biyu, bayan 1989 kuwa ya daina aiki ɗungurungum.

4.1 Salama da Fartanya

Jam'iyyar da ta fara mulki a Arewa ita ce NPC, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Katsina na da babban hannu a cikinta. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ɗaliban Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922. Alhaji Isa Kaita ya riƙe ministan ilmi na Jihar Arewa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya yi ministan harkokin Ikko a gwamnatin tarayya, sannan Sarkin Katsina Usman Nagogo shi ma minista ne wanda ba ya riƙe da wata ma'aikata. Wato ke nan jam'iyya da fada da ofishin En'e abu ɗaya suke a idon talaka.

Idan aka dubi sunanta na Hausa, Jam'iyyar Mutanen Arewa, za a ga akwai dabara a ciki. Sunan bai ce jam'iyyar wasu daga cikin mutanen Arewa ba. Saboda haka duk wanda ba ya cikinta, sunan ya riga ya fitar da shi daga sahun mutanen Arewa tun kafin a buɗe baki. Takenta kuwa shi ne "Salama". Kalma ce da aka aro daga Larabci, kuma Bahaushe na jin ta kullum a bakin mai sallama da wajen idar da salla. Wanda ya yi kiran "Salama" bai yi wa kowa alkawarin rijiya ko makaranta ba, abin da ya ce kawai shi ne ana zaune lafiya, kada a ta da hankali. Amma hikimar ita ce, kishiyar salama a tunanin Musulmi ita ce fitina. Da kalma ɗaya ke nan jam'iyya mai mulki ta mayar da ɗan hamayya mai ta da fitina, ga shi kuma alƙali da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke a wancan lokaci.

NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta mayar da martani da "Sawaba". Ita ma daga Larabci take, amma a bakin Bahaushe ta ɗauki ma'anar sauƙi da hutawa daga wahala. Ba a neman sawaba sai in ana cikin ƙunci, don haka kalmar da kanta ƙara ce aka shigar a kan masu mulki: haraji, da jangali, da aikin tilas. A ganina, a duk tarihin siyasarmu ba a taɓa samun take biyu da suka fuskanci juna gaba da gaba kamar waɗannan ba, kuma a nan rabon gida biyu ya zauna daram. Yana da kyau a tuna cewa a ƙetaren iyaka, wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, Sawaba ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wanda ya jagoranci gwamnatin Nijar daga 1957 zuwa 1958, kafin a haramta jam'iyyar a 1959 a ƙarƙashin mulkin PPN-RDA ta Diori Hamani.

Inda NPC ta yi rauni shi ne wajen alama. Jam'iyyar da hakimai da ma'aikatan En'e suka yi wa jagora ta ɗauki fartanya, kayan aikin wanda ake karɓar haraji a hannunsa. NEPU kuwa, mai kiran kanta jam'iyyar talakawa, ta ɗauki tauraro, abin da ke can sama hannu ba ya kai gare shi. Da za a ba wanda bai san tarihi ba alamun nan biyu a ce ya raba su, to da musanya su zai yi.

4.2 Aminci, Nasara, Santsi da Taɓo

Sojoji sun kifar da jamhuriya ta farko ranar 15 ga Janairu 1966, ba a sake mulkin jam'iyya ba sai 1979. A lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta zo da taken "Aminci", wanda ɗan'uwan "Salama" ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ya ɗara shi da ma'anar riƙon amana da abota. Alamarta gida da masara ta fi fartanya fasaha, domin fartanya wahalar noma take tunawa mutum, gida da masara kuwa amfanin da ake samu ne bayan wahalar. Haka kuma wannan ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, kuma babu abin da ya fi kusa da zuciyar uwar gida kamar wurin kwana da abin dafawa. Rabin alamar ya bar shaida, don har yau akwai unguwar da ake kira da sunan gidajen Shagari masu sauƙin kuɗi a cikin Katsina. Ɗaya rabin kuwa, wato masara, shinkafar da aka yi ta shigowa da ita daga ƙasashen waje ce aka fi tunawa da gwamnatin a kanta.

PRP ta Malam Aminu Kano ta ɗauki mabuɗi da taken "Nasara". Ba kasafai ake lura da cewa an sami koma-baya a nan ba. "Sawaba" na faɗin abin da talaka zai samu, "Nasara" kuwa abin da jam'iyya za ta samu take faɗi. Kowace jam'iyya na iya yin kiran nasara, komai aƙidarta. Mabuɗin ne ya ceci taken, saboda mabuɗi na nuna akwai ƙofar da aka kulle.

To amma tambayar da ke rushe rabon gida biyu ita ce: wace jam'iyya ce ke mulkin Katsina daga 1979 zuwa 1983? A Ikko NPN ce. A gidan gwamnati na Kaduna PRP ce, domin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita. A majalisar dokokin jiha kuwa NPN ce ke da kujeru 64 daga cikin 99. Gwamnan ya soke haraji da jangali, wato ya biya bashin da "Sawaba" ta ɗauko tun shekaru talatin baya, amma majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Kakakin majalisar da ya jagoranci tsigewar, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, Bakatsine ne. Mataimakin da ya gaji kujerar, Alhaji Abba Musa Rimi, Bakatsine ne. Lawal Kaita da ya karɓa a watan Oktoba 1983 Bakatsine ne, kuma wata uku kacal ya yi Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya zama shugaban ƙasa bayan juyin mulkin 31 ga Disamba. A cikin waɗannan shekaru huɗu mai kiran "Aminci" shi ne ɗan hamayya a jiha, mai kiran "Nasara" shi ne mai mulki, amma kowa bai sauya bakinsa ba.

Bugu da ƙari, layin da ya raba ɓangarorin biyu bai bi tsakanin fada da bayan fada ba, ta tsakiyar gidajen sarauta ya ratsa. Alhaji Musa 'Yar'aduwa jigo ne a NPN, ɗansa Umaru kuwa ɗan PRP ne. Dokta Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, shi ne sakataren gwamnatin PRP a Kaduna. Ko a fagen waƙa haka abin yake, domin Alhaji Mamman Shata ya yi GNPP mai taken "Adalci", ya koma NPN, daga baya kuma ya shugabanci SDP a Funtuwa. A wane gida daga cikin biyun za a ajiye shi?

Kalmomin da suka fi kowaɗanne rai a wannan zamani ba daga ofishin jam'iyya suka fito ba. Da PRP ta dare biyu, sai aka kira ɓangaren gwamnoni, wato Balarabe Musa da Abubakar Rimi na Kano, 'yan santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam kuma 'yan taɓo. Hoton damina ne sosai: ruwa ɗaya ya sauka, wani ya zame ya yi gaba, wani ƙafarsa ta kafe. Kowace kalma daga cikinsu na iya zama zambo, tana kuma iya zama yabo, ya danganta da wanda ya furta ta. Babu take ko ɗaya da aka tsara a takarda wanda ya kai su wannan faɗin ma'ana.

4.3 Doki, Mikiya da Tazarce

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta ce ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗayar ta ɗan karkata dama. Jam'iyyar da aka haifa da doka ba ta da wani kuka na kanta da za ta dunƙule a cikin take, saboda haka alama ce ta rinjayi kalma: doki ga SDP, mikiya ga NRC. Doki ya fi karɓuwa a ƙasar da ake hawan salla, amma duk da haka Alhaji Sa'idu Barda na NRC ne ya kayar da Umaru Musa 'Yar'aduwa a zaɓen Disamba 1991, ya zama gwamnan farar hula na farko a sabuwar jiha. Abin da harshe ya tsira da shi daga wannan zamani shi ne "ƙato bayan ƙato", sunan da jama'a suka raɗa wa zaɓen shiga layi. Zamanin Janar Abacha kuwa, da jam'iyyunsa biyar da duk suka tsayar da shi takara a 1998, ya bar mana "tazarce", kalmar da ta tsallaka Nijar a 2009 lokacin da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi zarcewa. Sunayen jam'iyyun nan biyar sai an duba takarda ake tuna su.

4.4 Lema, Tsintsiya, Canji da Sak

PDP, wadda aka kafa a 1998, ta mulki Katsina shekara 16: Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 1999 zuwa 2007, Barista Ibrahim Shehu Shema daga 2007 zuwa 2015. Takenta na Ingilishi ne, mai nufin mulki ya koma hannun jama'a, amma a wurin taro kalmar mulkin kaɗai ake amsawa, jama'ar kan faɗi a hanya. Abin da Bahaushe ya riƙe shi ne lema. A ganina babu alamar da ta faɗi gaskiyar jam'iyyarta kamar wannan. Lema ba ta tambayar ra'ayin wanda ya shigo ƙarƙashinta, inuwa kawai take bayarwa. A ƙarƙashinta ne Lawal Kaita na NPN da Umaru 'Yar'aduwa na PRP suka zauna jam'iyya ɗaya. Haka kuma lema a al'adarmu ta sarki ce, wani ke riƙe ta, wani ke shan inuwar. Wannan ya ba 'yan hamayya ƙofa, suka riƙa cewa lemar ta yage. Shi ma Haruna Aliyu Ningi ta irin wannan ƙofa ya shiga a waƙarsa ta "Shegiyar Uwa" a zamanin Obasanjo, inda ya ɗauki kalmar nan ta yau da kullum, uwar jam'iyya, ya juya ta ta zama zambo. A wannan zamani ne kuma kalmar ƙauraye ta zama sunan matasa 'yan bangar siyasa a birnin Katsina, alhali kuwa Ƙaura a sarautun Katsina shugaban mayaƙa ne.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2007 manyan 'yan takara biyu, 'Yar'aduwa na PDP da Buhari na ANPP mai alamar masara, duk 'yan jihar nan ne. 'Yar'aduwa da bakinsa ya amince a jawabinsa na kama aiki cewa zaɓen na da kurakurai. Daga irin wannan ƙorafi ne maganar "a kasa, a tsare, a raka" ta yi ƙarfi a bakin magoya bayan Buhari. An aro ta ne daga bakin 'yan talla, ta mayar da ƙuri'a hajar da mai ita ba ya ɗauke ido daga kanta. Take ne mai koyar da aiki, kuma shi ne na ƙarshe da ya ɗauki mai zaɓe a matsayin mai hankalin kansa.

APC ta samu rajista a 2013 bayan haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. Ta gaji tsintsiya daga ACN, alamar da ta zo daidai da karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ga kuma ma'anar share datti. Mai wannan nazari yana ƙaramin yaro a 2015, amma bai manta da yadda aka riƙa ɗaure tsintsiya a kan babura ana zagaya gari daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro ba. Taken kuwa shi ne "Canji". A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari. "Salama" da "Aminci" kalmomi ne na wanda ke riƙe da abu, don haka mai mulki na iya maimaita su shekara da shekaru. "Canji" kuwa kalma ce ta mai nema, kamar "Sawaba". Ranar da mai kiranta ya hau kujera, ranar ta fara zame masa kaya, domin duk wanda ya sake furta ta bayan nan, shi yake nufi. Shi ya sa a 2019 aka jingine ta, aka koma maganar mataki na gaba da ɗaga yatsu huɗu a kowane hannu, wato an bar kalma an koma ishara. Wani abin kuma, canji a Hausar kasuwa na nufin sauya takardun kuɗi. Buhari ya yi canjin kuɗi a 1984, aka sake yin wani a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 wanda ya jefa jama'a cikin ƙarancin kuɗi ana gab da zaɓe. Kalmar da aka shiga mulki da ita, da ita aka yi wa gwamnatin ba'a tana fita.

"Sak" ta fi "Canji" illa. Ma'anarta a zaɓi jam'iyya daga sama har ƙasa ba tare da duba wanda aka tsayar ba. Ba ta ƙunshi aƙida ko alkawari ba, umarni ne kawai, kuma ƙarfinta daga mutum ɗaya yake, wanda ake kira Baba ko Mai Gaskiya. A cikin wannan guguwa Aminu Bello Masari, wanda ya yi kakakin majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2007 a ƙarƙashin PDP, ya kuma sha kaye a 2011 a CPC, ya zama gwamna a 2015. Shema da ya karɓa daga hannunsa shi ma ya shigo APC a 2023. Idan mutanen da suka riƙe lema su ne suka riƙe tsintsiya, to ba a ga inda za a ja layin riƙau da sauyi ba.

Wani na iya cewa wannan hukunci ya yi tsauri, domin talakan da ya yi kiran "Canji" a 2015 da zuciya ɗaya ya yi, kamar yadda kakansa ya yi kiran "Sawaba". Wannan gaskiya ne, kuma ba niyyar talaka ake tuhuma ba. Bambancin shi ne "Sawaba" na da abin da za a auna ta da shi, wato haraji da jangali, an kuma ga ranar da aka soke su. "Canji" ba ta ambaci abin da za a canza ba, kowa ya zuba nasa buri a cikinta. Manomin Batsari ko Jibiya ko Faskari tsaro ya zuba, sai ga shi a watan Disamba 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da shugaban ƙasa ke hutu a Daura. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya lashe Jihar Katsina da ratar ƙuri'u 'yan dubbai, bayan makonni uku kuma masu zaɓen nan suka ba Dikko Umaru Raɗɗa na APC kujerar gwamna. Wato an yi abin da ake kira wake da shinkafa a mahaifar "Sak". A cikin wannan shekarar ne kuma Dauda Kahutu Rarara, mutumin Ɗanja, wanda waƙarsa ta "Masu Gudu Su Gudu" ta cika gari a 2015, ya kira taron 'yan jarida ya soki mulkin Buhari, alhali yana nan a cikin jam'iyyar yana yi wa sabon shugabanta waƙa.